Daga jakar Pokémon zuwa wayar ɗan kasuwa: Yadda ake juya akalar na'ura ta kafar kuskure

A shekarar 1989, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Bakori a Jihar Katsina, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wata 'yar na'urar wasa da ake riƙewa a hannu mai suna Game Boy. Batir huɗu take ci, allonta bai kai tafin hannun yaro ba, kuma ba ta nuna launi. Yaran wannan yanki ƙalilan ne suka taɓa riƙe ta. Abin da akasarinsu suka sani shi ne gem ɗin nan mai araha na jera bulo, wanda ake rubuta wa a goshi cewa yana ɗauke da wasa 9999, alhali in aka ƙirga na gaskiyar ba su taka kara sun karya ba.

A sauran duniya kuwa Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 118, kuma har yau, bayan shekara talatin da ɗoriya, akwai masana kwamfuta da ba su daina tona cikinta ba. Abin da suke farauta shi ne kurakuran da marubuta wasannin suka bari, waɗanda ta kafarsu mutum zai sa na'urar ta ajiye aikin da kamfani ya ɗora mata, ta koma bin umarninsa, ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Da madannai kawai ake yi.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin shiriritar waɗanda ba su da aikin yi. Amma irin wannan kafar ce ta sa na'urorin PlayStation da ke shagunan gem na Bakori da Funtua da Malumfashi suke karanta wasanni daga filashi, kuma 'yar'uwarta ce aka bi aka shiga wayoyin mutane ta WhatsApp a 2019. Bambancin kawai shi ne a tsohuwar na'ura abin a fili yake, ana iya bin sa lamba bayan lamba har a fahimta.

Yaron shago da littafin maigida

A ɗauka wani mai siton hatsi a Bakori yana da yaron shago mai tsananin biyayya, wanda ba ya gajiya, ba ya mantuwa, kuma ba ya tambaya. Maigidan ya ba shi littafi ɗaya mai layuka, kowane layi da lambarsa. A wasu shafuka an rubuta lissafin kaya: masara buhu 24, dawa buhu 46. A wasu shafukan kuma umarnin maigida ne, amma shi ma da lambobi aka rubuta shi, inda 24 ke nufin "tsallake layuka kaza", 233 ke nufin "koma layin da aka nuna maka", 201 kuma "ka gama, koma inda ka fito". Yaron ya ɗora yatsa a layin farko na shafin umarni, yana karantawa yana aikatawa, yana gangarawa.

Babu wani abu a jikin lambar 24 da ke nuna ko buhu ce ko umarni. Wurin da yatsan yaron yake shi ne kaɗai ke bambancewa. Saboda haka duk abokin cinikin da ya samu dabarar karkatar da yatsan zuwa shafin lissafin kaya, kuma tun farko ya tsara irin kayan da ya ajiye da adadinsu, to ya zama maigida. Yaron zai karanta lissafin a matsayin umarni, ya zartar da zuciya ɗaya.

Haka kwamfuta take, babba ko ƙarama. Tun 1945, lokacin da masanin lissafi John von Neumann ya rubuta rahotonsa kan na'urar EDVAC a Amurka, tsarin da ya yi rinjaye shi ne a ajiye bayanai da umarni a ma'ajiya ɗaya, da siffa ɗaya. Wannan ne ya sa na'ura guda take iya zama kalkuleta yanzu, an jima ta zama rediyo. Kuma shi ne tushen rauninta.

Ma'ajiyar a rarrabe take gurbi-gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Game Boy tana da gurbin aiki 8,192 kacal, wato ko rubutun wannan maƙala ba zai shiga ciki ba. A irin wannan ƙunci marubuta wasa ba su da sararin sa mai gadi a kowace ƙofa. Sukan yi amfani da gurbi ɗaya don abubuwa biyu, su kuma yi fatan ba wanda zai bi ta inda ba a zata ba. Wasan kansa a kaset yake, a ƙone, ba ya gyaruwa. Kuskuren da ya fita daga masana'anta ya fita ke nan.

Dattijon Viridian da halittar da babu ita

Wasan da ya fi shahara a wannan fage shi ne Pokémon, wanda kamfanin Game Freak ya rubuta, ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairun 1996, sannan a Amurka a 1998 da sunayen Red da Blue. Labarin wani yaro ne da ke yawo gari-gari yana kama wasu halittu yana horar da su suna fafatawa. Halittun iri 151 ne, amma a cikin wasan an tanadi lamba 190. Ragowar 39 ɗin an bar su fanko da sunan MissingNo, taƙaitaccen Turanci mai nufin lambar da babu ita. Ba a yi nufin kowa ya gan su ba.

A wani gari na cikin wasan mai suna Viridian akwai dattijo da ke koya wa ɗan wasa yadda ake kamu. Yayin koyarwar, wasan yakan cire sunan ɗan wasa ya sa na dattijon, don haka dole ya nemi inda zai jingine sunan na ɗan lokaci. Marubutan suka zaɓi gurbin da ake rubuta jerin halittun da ke fitowa daga ciyawa. Dabara ce mai ma'ana, domin da zarar ɗan wasa ya shiga wani daji za a rubuta sabon jeri a kai, sunan ya goge. Abin da ya kuɓuce musu shi ne ɗan wasa zai iya tashi kai tsaye zuwa tsibirin Cinnabar, inda babu jerin ciyawa balle a goge komai, kuma a gaɓar gabas ta tsibirin akwai wani siririn layi na ruwa da wasan ke ɗebo halittunsa daga jerin ciyawa. Sai na'urar ta buɗe jerin ta tarar da sunan mutum, ta karanta shi a matsayin halittu: harafi na 3 da na 5 da na 7 su ne irin halittar, na 2 da na 4 da na 6 kuma matakin ƙarfinta. Ta haka MissingNo ke bayyana, wani tarkacen zane mai kama da katangar da ta zube.

Abin bai tsaya nan ba. Duk halittar da aka gani, wasan yakan sa mata alama a rajista. Lambar MissingNo ta wuce iyakar rajistar, don haka alamar takan faɗa can gaba, daidai kan adadin kaya na shida da ke jakar ɗan wasa, ta ƙara masa 128. Kamar akawun da ya zo sa hannu, takardar ta ƙare, bironsa ya zarce kan fayil ɗin da ke ƙasa. Yara a Amurka da Turai sun yi ta cin gajiyar wannan don ninka kayansu, har a 1999 Nintendo ya fito ya yi gargaɗi cewa abin na iya hargitsa wasan. Gargaɗin ya ƙara wa abin farin jini ne kawai.

Jakar da ta zama takardar umarni

Har zuwa nan bayanai ne ke cakuɗewa da bayanai. Yatsan yaron shago bai bar shafinsa ba. Mataki na gaba ya ɗauki shekaru kafin a gano shi.

Jakar ɗan wasa tana ɗaukar kaya iri 20, kuma akwai gurbi ɗaya da ke riƙe adadin irin kayan da ke ciki. Da taimakon ninkin da MissingNo ke yi, masu bincike suka gano yadda za a yi ta zubar da kaya da haɗa su har wannan adadi ya sauka zuwa sifiri, sannan a sake rage ɗaya. Gurbi ba ya san ƙasa da sifiri. Kamar mitar tsohuwar mota da aka juya baya, sai ya zagayo ya koma 255. Yanzu wasan ya yarda cewa jakar na da layi 255, alhali 20 aka gina mata. Wanda ya gangara ƙasa da layi na 20 ya shiga gonar maƙwabta: kuɗin ɗan wasa, sunan abokin hamayyarsa, lambobin yabon da ya ci, lambar garin da yake, har da daidai inda yake tsaye. Duk za su bayyana da siffar kaya, ana iya zubar da su ko a sauya musu wuri, kuma duk abin da aka taɓa a nan ya canza a duniyar wasan.

Daga wannan gona ake ciro wani kaya na bogi mai lamba 93, wanda ke bayyana da sunan 8F. Asalinsa ba kaya ba ne, sunan hawa na takwas ne a na'urar hawa bene da ke wani gini na cikin wasan, wanda aka jera sunayen hawansa a bayan sunayen kaya don tsimin wuri. Idan ɗan wasa ya ce a yi amfani da wani kaya, na'urar takan duba wani teburi don ta ga layin da umarnin wannan kaya yake. Teburin bai kai 93 ba. Sai ta karanta abin da ta tarar a bayansa, ta ɗauke shi a matsayin adireshi, ta tafi. Bisa tsautsayi, ko sa'a, adireshin shi ne daidai wurin da ake rubuta jerin halittun da ɗan wasa ke tafe da su, abin da shi ne ke da ikon tsarawa. Yatsa ya bar shafin maigida.

Wani mai bincike da aka fi sani da laƙabin TheZZAZZGlitch ne ya bayyana wannan a 2013, kuma tsarin da ya shahara yana da ban sha'awa. Ana ɗaukar halitta biyar a jere: Pidgey mai lamba 36, Parasect 46, Onix 34, Tentacool 24, sai Kangaskhan mai lamba 2. Ga na'urar, 36 na nufin a ƙara ɗaya a kan rabin farko na wani adireshi da take riƙe da shi, 46 da 34 na nufin a mayar da rabi na biyu 34, sai 24 da 2 su ce a tsallake gurbi biyu. Tsallaken yakan sauke ta a kan bayanan Pidgey, ɗan tsuntsun da sai an yi ta kiwonsa har ƙarfin jikinsa ya tsaya 233 cif. Lamba 233 kuwa ita ce "koma layin da aka nuna maka", kuma layin da aka gina ɗin shi ne kaya na uku a jaka.

Daga nan jakar ta zama takardar umarni. Irin kaya lamba ce, adadinsa lamba ce, don haka wanda ya jera kaya kaza guda kaza, ya bi da kaya kaza guda kaza, manhaja yake rubutawa. A ƙarshe ya sa wani kaya mai suna TM01, wanda lambarsa 201 ce, na'urar ta koma bakin aikinta kamar ba abin da ya faru. Layukan jaka ba su da yawa, shi ya sa gwanaye kan fara rubuta 'yar ƙaramar manhaja wadda aikinta kawai ta karɓi lambobi daga ɗan wasa ta jera su a wani fili na ma'ajiyar, sannan su yi amfani da ita su shigar da babba. Da ƙaramin tsani ake hawa a jawo babba.

Abin da aka yi da wannan iko yana da yawa. An rubuta tsohon wasan ƙwallon tebur na Pong a cikin Pokémon Blue. A 2012 wani mai suna Robert McIntyre ya riga ya nuna irin haka a Pokémon Yellow ta wata kafar daban. A Janairun 2015, a taron Awesome Games Done Quick da ake yi a Amurka don tara wa wata gidauniyar yaƙi da cutar daji kuɗi, wani mutum-mutumi mai danna madannai da sauri, TASBot, ya karɓe Pokémon Red a gaban jama'a, ya mayar da allon wurin nuna saƙonnin masu kallo kai tsaye daga intanet. Masu tseren kammala wasa kuwa sun gano cewa in aka kashe na'urar daidai lokacin da take adana wasa, bayanan kan rubutu rabi, jerin halittu ya zama 255, kuma ta nan ana kai wa ƙarshen wasan da ke cin kwanaki cikin ƙasa da minti biyu. Duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa yana tsakiyar adana fayil a ofis ya san irin wannan ɓarna, sai dai shi bai ci ribarta ba.

Akwai kuma misalin da ma'aikacin gwamnati zai gane nan take. A 2016 Nintendo ya sake sayar da tsofaffin Pokémon a na'urar 3DS, da kurakuransu yadda suke. Akwai wata halitta mai wuyar samu, Mew, wadda manhajar kamfanin ba ta yarda a ƙetara da ita zuwa sababbin wasanni sai wadda kamfanin ya raba da kansa. Tantancewar ba ta wuce duba suna da lambar mai ita ba. 'Yan wasa suka yi amfani da 8F suka rubuta wa tasu sunan GF da lamba 22796, manhajar ta buga mata hatimi ta wuce.

Sunan doki, batir, da shagon gem

Da na'urori suka girma, kamfanoni suka fara kulle su, ta yadda ba sa karɓar manhaja sai mai sa hannun kamfani. Nan kuskuren wasa ya tashi daga abin nishaɗi ya zama mabuɗi mai daraja.

Kafar da aka fi bi ita ce wadda duk mai awo ya sani. In aka zuba hatsi fiye da cikin tiya, ragowar ba ta ɓacewa, tana malala ne cikin abin da ke kusa. A 2008 wasu masu bincike suka lura cewa a wani wasan Zelda na na'urar Wii ta gida, ɗan wasa na iya raɗa wa dokinsa suna, kuma wasan ba ya auna tsawon sunan in ya ɗauko shi daga fayil ɗin ajiya. Suka shirya fayil mai sunan doki dogo ƙwarai. Sunan ya cika gurbinsa ya malala har kan layin da na'urar ta rubuta inda za ta koma bayan ta gama, ya maye shi da adireshin da suke so. Da sunan doki aka buɗe Wii.

Na'urar hannu ta Sony, wato PSP, wadda ta fito a ƙarshen 2004, ta sha irin wannan sau da dama: ta hoto a 2005, ta fayil ɗin ajiyar wasan Grand Theft Auto a farkon 2006, sannan a 2007 ta batir, bayan an gano cewa in aka canza lambar da ke cikin batirin na'urar takan ɗauka tana hannun injiniyan kamfani. Sony na toshe wata kafa, ana buɗe wata. A Nuwamban 2014 kuma wani matashi mai suna Jordan Rabet ya buɗe 3DS ta wani wasa da ba wanda ya damu da shi, Cubic Ninja, wanda ke karanta hoton lambar QR ba tare da ya auna abin da ke ciki ba. Cikin kwanaki kaset ɗin da ke kwance a kwandon gwanjo ya yi tsada ninkin ba ninkin, Nintendo kuma ya janye shi daga shagonsa na intanet a Japan.

A nan gida, wanda ya leƙa shagon gem zai ga talabijin da benci da janareta, da PlayStation 2 wadda aka soka wa filashi, yara na buga ƙwallo da sunayen 'yan wasan bana a na'urar da ta fito tun 2000. Sony bai ƙera ta don ta yi haka ba. Sirrin yana cikin katin memori. Kamfanin ya bar wata ƙofa da na'urar ke duba katin in an kunna ta, ko akwai sabuntawa daga kamfani, sai a 2008 aka fitar da wata manhaja mai suna Free McBoot da ke shigar burtu a matsayin wannan sabuntawa. Mai shagon da ya sayi katin a Kano ba lallai ya san tarihin ba, amma abincinsa na fitowa ta wannan kafa. A samfurin ƙarshe na na'urar Sony ya toshe ƙofar, shi ya sa ba kowace PlayStation 2 ke karɓar katin ba.

Gaskiyar da ba a cika son faɗa ba ita ce, ko da yake waɗanda suka gano kafofin sukan ce burinsu mutum ya mallaki abin da ya saya ya rubuta tasa manhajar, abin da ke jan kasuwa, a nan da ko'ina, shi ne kwafin wasanni ba tare da biyan masu su ba. Doka kuma ta san da haka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta haramta karya makullan fasaha da aka sa don kare aiki, yayin da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan shiga na'urar wani ba izini. A Amurka, a 2022, kotu ta ɗaure wani Gary Bowser wata 40 saboda sayar da kayan buɗe na'urorin Nintendo, ga diyyar dala miliyan 14.5 a kansa. Abin dariyar shi ne Bowser sunan mugun sarkin da ke wasannin Mario na kamfanin ne.

Sai dai wannan ilimi yana da kasuwar halal. A Disamban 2016 Nintendo ya fara biyan ladan dala 100 zuwa 20,000 ga wanda ya gano kafa a 3DS ya sanar da kamfanin a asirce, kuma Google da Microsoft da Apple duk suna da irin wannan tsari. Rabet ɗin da ya buɗe 3DS daga baya Microsoft ne ya ɗauke shi aiki a sashen tsaro. Matashin da ke zaune a teburin gyaran waya a Funtua ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ya iya filashin da buɗe waya ta bin matakan da wani ya rubuta, tazarar da ke tsakaninsa da wannan sana'a ita ce fahimtar dalilin da ya sa matakan ke aiki. Tsohon wasan Game Boy, da ake iya kunnawa a kowace kwamfuta ana kallon gurabensa suna canzawa, yana daga cikin azuzuwa mafi arha na koyon hakan.

Abin da ya shafi wayar aljihu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka bi ta sunan doki ba ta tsaya a kayan wasa ba. A Nuwamban 1988, watanni kafin fitowar Game Boy, wata manhaja da ɗalibi Robert Morris ya saki ta bi ta irin wannan malala ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet ɗin wancan zamani. A 2015 aka gano kuskuren Stagefright a Android, wanda aka ƙiyasta ya shafi waya miliyan 950, inda saƙon bidiyo ɗaya zai iya wadatarwa. A Mayun 2019 WhatsApp ya sanar da cewa an yi amfani da malala a sashen kiran murya an dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus. Kira kawai ake yi, ko ba a ɗauka ba. Kamfanin ya kai NSO na Isra'ila ƙara kan mutum kusan 1,400 da aka hara, ciki har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. A shekarar ce kuma Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaron da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ma'ajiya suke.

Wayoyin yau sun fi Game Boy tsaro nesa ba kusa ba. Suna yi wa shafukan bayanai alamar cewa ba a karanta su a matsayin umarni, suna kuma sauya wa layuka wuri duk lokacin da aka kunna, don kada mahari ya san adireshin da zai nufa. Maharan su ma suka sake salo: tunda an hana su rubuta nasu umarnin, sai su tsinto guntayen umarnin maigida daga wurare daban-daban su jera su yadda za su ba da wata ma'ana. Irin wannan aiki yana da tsada, kuma ba a ɓata shi a kan kowa. Ɗan kasuwar da aka kwashe wa kuɗi a asusu, galibi ba ta nan aka shigo masa ba. Kira aka yi masa da sunan banki ya karanta lambar sirri da bakinsa, ko aka sace masa layi.

Inda abin ya fi shafar talaka shi ne bayan an bayyana kafa. Ranar da kamfani ya fitar da gyara, ranar ce duniya ta san inda tsagar take, kuma duk na'urar da ba ta karɓi gyaran ba ta zama kamar kaset ɗin 1996. Harin WannaCry na Mayun 2017, da ya shafi kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya bi ta kafar da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka kwana ciki. A wannan yanki kuwa dalilan rashin sabuntawa a bayyane suke. Data na da tsada, don haka da yawa sukan kashe sabuntawa da gangan. Manhajoji na yawo daga waya zuwa waya ta Xender, tsohon samfuri na haifar tsohon samfuri, al'adar da ta zama dole a watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Bakori da Funtua da Malumfashi. Ga kuma GBWhatsApp da ire-irensa, waɗanda wasu da ba a san su ba suka buɗe manhajar asali suka cusa nasu umarnin, mai waya kuma ya ɗora da hannunsa saboda yana son ɓoye cewa ya karanta saƙo. A nan ko kafa ba a nema ba, ƙofa aka buɗe.

Sannan akwai wayoyin hannu na biyu. Kowane samfuri yana da shekarun da kamfaninsa ke aiko masa da gyara, daga nan a sallame shi, ko da allonsa da batirinsa garau suke. A cikin saitin kowace wayar Android, a sashen bayanin waya ko na tsaro, akwai layin da ke nuna ranar gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa. Mai sayen waya a kasuwa yakan duba kyamara, ya gwada caji, ya tambayi girman memori, ya ƙwanƙwasa allo. Wannan layin mai ɗauke da kwanan wata ba kasafai ake buɗe shi ba, kuma a wayoyi da yawa da ake shiga manhajar banki da su kullum, shekarar da ke rubuce a wurin ta kai huɗu ko biyar da wucewa.